Zare: Mu daina ce wa kowane tari "sanyi"

1/ Jama'a, yau ba raha na zo yi ba. Akwai kalma guda da nake zargi da cin rayuka a Kurmin Kogi, Ikara, Makarfi da Kudan fiye da yadda muke zato, kalmar ita ce "sanyi". Yaro na haki, sanyi ne. Tsohuwa na tari wata uku, sanyi ne. Ku biyo ni, zaren da ɗan tsawo.

2/ Goggona ta yi wata huɗu tana tari. Ta rame har zane ba ya zama a ƙugunta, da dare gumi ya jiƙa mata riga sharkaf, da yamma zazzaɓi. A wani kemis aka ce taifot da maleriya ne, aka yi allurai, aka ƙara ruwa leda biyu. Akuyarta ta tafi a kuɗin magani.

3/ Da abin ya ƙi, sai zance ya koma kan kishiya, wai sammu ne. Aka kawo rubutu da hayaƙi. Ku lura fa, mai ciwon huhu aka rufe a ɗaki aka turara wa hayaƙi. Da na zo hutu na ce: "Goggo, don Allah ki yarda mu je a gwada majinarki." Ta ce: "Ku 'yan boko komai asibiti."

4/ Da ƙyar ta yarda. Sakamako ya nuna tarin fuka, wato tibi. Abin da ya fi ƙona min rai, jikarta 'yar shekara 3 da suke kwana ɗaki ɗaya ita ma an same ta da shi. Wata huɗun nan da aka ɓata ana cewa sanyi, yarinyar tana shaƙar cutar kowane dare.

5/ Tibi ba sammu ba ne, ba kuma gādo ba ne. Ƙwayar cuta ce, tun ranar 24 ga Maris 1882 Robert Koch ya sanar da gano ta a Jamus, shi ya sa ake ranar tibi ta duniya a wannan rana. A iska take yawo idan mai ita ya yi tari. Ba a ɗaukar ta a kwano ko moɗa, don haka ware wa mara lafiya kwanonsa wulaƙanci ne kawai, ba kariya ba.

6/ Ƙa'idar mai sauƙi ce: tarin da ya kai mako 2, a je a gwada majina. Akwai na'urar GeneXpert, cikin sa'o'i take gano cutar, har ta faɗi ko ta bijire wa magani. Gwaji da maganin tibi kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. A Saye, nan Zariya, akwai cibiyar ƙasa ta horar da ma'aikata kan tibi da kuturta. A ƙofar gidanmu fa.

7/ Laifin kemis a nan ba ƙarami ba ne. Idan aka ba mai tibi irin su sifro, tarin yakan lafa na ɗan lokaci, a ce an warke, cutar kuwa tana ci a ciki, kuma ana koya mata jure magani. Wanda bai taɓa sa abin awo a ƙirjinka ba, da me ya san abin da ke huhunka?

8/ Maganin tibi wata 6 ne: wata 2 na farko ƙwayoyi iri huɗu, sauran wata 4 iri biyu. Fitsari zai koma ja-ja, aikin rifampicin ne, kada a tsorata. Haɗarin yana wata na biyu, lokacin da mutum ya fara ƙiba ya ce ya warke. Ya daina a nan, tibin na iya dawowa wanda ba ya jin magani.

9/ Mu koma kan yara. Abin da iyayenmu ke kira ciwon haƙarƙari, mafi yawa limoniya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 sama da 740,000, kuma Najeriya na sahun gaba. Ciwo ne da amoksisilin ke warkarwa idan an kai da wuri.

10/ Wannan ku adana shi, da agogon wayarka za ka yi. Yaro yana kwance shiru, ka ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif:
Ƙasa da wata 2: 60 ko fiye
Wata 2 zuwa 11: 50 ko fiye
Shekara 1 zuwa 5: 40 ko fiye
Ya kai haka tare da tari, asibiti yau, ba gobe ba.

11/ Idan kuma ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki lokacin da ya ja numfashi, ko ya ƙi nono, ko yana amai da duk abin da ya ci, ko jijjiga, ko ya yi laƙwas ba ya farkawa sosai, ko tsakar dare ne a nemi mashin. Ba lokacin kiran wanzami ba ne. Cire beli da tsaga a haƙarƙari ba sa kaiwa huhu, jini kawai yaron zai zubar.

12/ To ina sanyin ya shigo? Hunturu na busar da hanci da maƙogwaro, ƙura na ƙaruwa, gaskiya ne. Amma ku dubi abin da muke yi: a toshe taga da tsumma, a shigo da kaskon garwashi, mutum bakwai a ɗaki ɗaya. Muna gudun iska, alhali iskar ce ke fitar da ƙwayar cutar. Garwashi a rufaffen ɗaki ma shi kaɗai yana kisa.

13/ Sai hayaƙi. Uwa a madafi da kara da ɗanyen itace, goyo a bayanta, sau uku a rana, shekara da shekaru. Masu dafa mazarƙwaila a Kudan da Makarfi kuwa wuni suke a bakin wuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin cikin gida ya kashe mutum miliyan 3.2 a 2020. Tsohuwar da ba ta taɓa shan taba ba tana haki kamar ɗan sigari.

14/ Na san me za a ce a ƙasan zaren nan: "Talauci ne, gas ya yi tsada, asibiti layi, wani lokaci ka je ba ma'aikaci." Ban musa ba, kuma wannan haƙƙi ne a wuyan gwamnati da shugabannin ƙananan hukumomi, mu tambaye su. Amma buɗe taga nawa ne? Busar da itace fa? Sauke goyo kafin a hura wuta fa?

15/ Rigakafi ma kyauta ne. BCG ranar haihuwa, sai penta da ta limoniya a mako 6, 10 da 14. Goggo ta kashe kuɗin akuya a kan ciwon da maganinsa kyauta ne. A gidanmu dai ba talauci ne ya jawo jinkirin ba, "bari mu gani" ne.

16/ Jinya a gida, ga abin da na yi wa Goggo. Na tokare ta da filo ta zauna, mai haki ba a kwantar da shi rigingine. Taga a buɗe, hira a tsakar gida. Majina a gwangwani mai murfi, ba a ƙasa ba. Ruwa da kunu akai-akai, wake, ƙwai, ƙuli-ƙuli. Kowace safiya a gabana take haɗiye maganin, ina sa alama a kalanda.

17/ Kuma duk wanda ke kwana ɗaki ɗaya da mai tibi a kai shi a duba, musamman ƙananan yara, akwai maganin kariya da ake ba su. Ɓoye ciwon don kada a fasa auren 'yar gidan shi ne ke sa ya zagaye gidan gaba ɗaya. Wanda ya fara magani yadda ya kamata, cikin 'yan makonni yaɗawarsa ke raguwa ƙwarai.

18/ Fushina na ƙarshe a kanmu ne, mu masu data. Mun san duk wanda ya ci ƙwallo jiya a Ingila, amma ƙaninka na numfashi 55 a minti ba ka sani ba. Ana karantar da ma'aikatan lafiya a kwalejin Shehu Idris da ke Makarfi, wasunmu na ABU, sai mu koma gida mu yi shiru wai kada a ce mun raina manya.

19/ Girmama babba ba shi ne ka zuba ido yana tofar da jini ba. Ka durƙusa, ka ce Baba, ka ce Inna, ka lallaɓa, ka biya kuɗin mashin. Goggo ta cika wata shidanta, ta koma suyar ƙosai, yanzu a fili take hura wuta. Jikarta ma ta gama nata. Alhamdulillahi.

20/ Aikinku na yau: ka tuna mutum ɗaya a gidanku ko layinku da tarinsa ya wuce mako 2. Kira shi kafin ka rufe wayar nan, ka ce gobe za ka raka shi gwajin majina. Lamba ta 10 kuma a tura wa rukunin WhatsApp na dangi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.