Maƙoƙo a wuyan talaka, mahukunta sun kau da kai

Duk wanda ya zaga babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko ya ɗan tsaya a tashar Tawa, ba zai rasa ganin matan da suka ja mayafi har haɓa ba, alhali ba sanyi ake yi ba. Abin da ke ƙarƙashin mayafin kowa ya san sunansa: maƙoƙo. An saba da ganinsa har ya zama kamar tsagar gado. A wani gari a ɗora laifinsa ga ruwan rijiya, a wani gari a ce jifa ce ta kishiya. Abin da ba a cika faɗa wa jama'a ba shi ne, wannan ciwo ne da likitoci suka san sababinsa da maganinsa tun kafin ƙasar nan ta samu ƴancin kai a 1960, kuma maganin ba ya cikin masu tsada.

A gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, akwai wata ƴar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi, nauyinta bai cika wuce giram 25 ba. Likitoci na ce mata tiroyid. Ita ke sarrafa sinadarai biyu, T4 da T3, waɗanda ke saita gudun jiki baki ɗaya: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkewar abinci, al'adar mata, har da ginuwar ƙwaƙwalwar jinjiri tun yana ciki. Ba ta iya wannan aiki sai da iyod. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙayyade wa babba mikrogiram 150 a rana, mai juna biyu 250. Abin da mutum ke bukata tsawon rayuwarsa bai kai cikin cokalin shayi biyu ba. To, amma Nijar na nesa da teku, ƙasar nomanta ba ta wadata da iyod ba, kuma binciken da aka yi a yammacin Sudan ya nuna cewa gero, abincin yau da gobe, na ɗauke da wasu sinadarai masu rage wa tiroyid ƙarfi idan dama iyod ɗin ya yi ƙaranci. Tsokar da aka hana kayan aiki sai ta yi ta kumbura don ta kamo ɗan abin da ya samu. Maƙoƙo ke nan.

Sai dai kumburin wuya shi ne ɓangaren ciwon da ya fi sauƙi, domin ido na ganinsa. Wahalar tana ga waɗanda wuyansu bai nuna komi ba. A ɗauki misalin mace mai sayar da atamfa, shekarunta talatin da ƴan kai. Tana cin abinci kamar mutum biyu amma kullum ramewa take. Zuciya na bugawa kamar ta fito, hannu na rawa har ba ta iya ƙidayar canji, barci ya ƙaurace, gumi ko cikin hunturu, ga saurin fushi da ya raba ta da abokan ciniki. Ta je gidan likita na unguwa, a ce palu ne, a ba ta maganin kwana uku. Ta koma, a ce taifot ce, a ƙara mata ruwa. Karo na uku a auna ta, a ce tansiyo. Daga nan dangi su karɓi ragama: wannan ya ce iska ce, wancan ya ce a kai ta ruƙiyya, wata tsohuwa ta ba da shawarar a kira wanzami ya yi tsaga. Kafin shekara ta zagayo jari ya tafi, idanu sun fara firfitowa, miji ya fara zancen ƙarin aure. Ciwon da ke damunta yana da suna, Basedow, wato tiroyid ce ke aiki fiye da ƙima, kuma jinin da bai cika ƙaramin sirinji ba ya isa a gano shi.

Akwai kuma kishiyar wannan, wadda ta fi iya ɓuya. Ma'aikaciya ce ko malamar lakwal da kasala ta rufe, tana ƙiba ba tare da ƙarin ci ba, tana jin sanyi a watan Afrilu, fata ta bushe, gashi na zuba, ciki ya ɗaure, ga mantuwa, ga ɓari a kai a kai ko rashin haihuwa. A ofis a ce raguwa ce, a gida a ce ta fiye son jiki. Nan tiroyid ce ta gaza. Kowace iri ce, mata ta fi kamawa nesa ba kusa ba, kuma mai yiwuwa wannan na cikin dalilan da suka sa ba a ji ɗuriyarta a manyan taruka.

Gwajin farko sunansa TSH, kuma duk ma'aikacin gwamnati zai gane yadda yake aiki. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata ƴar tsokar da ke matsayin darekta. Idan tiroyid ta yi sanyin jiki, sai darekta ya yi ta aiko mata da takardun gargaɗi: TSH ta hau. Idan ta wuce gona da iri, sai ya daina aiko da komi: TSH ta faɗi ƙasa. Likita ya haɗa da awon T4, ya taɓa wuya da hannunsa, in akwai ƙullutu ya sa a yi ekografi, in ƙullutun ya ba da shakku a tsotso ɗan abin da ke cikinsa da siririyar allura a duba. Mafi yawan ƙullutan ba daji ba ne. Amma wanda ya yi tauri, yake girma da sauri, ya dushe murya, ko ya hana haɗiya da numfashi, ba abin jira ba ne ko na mako guda.

Shin ina wahalar take a nan? Ba a ilimin ba. Jami'ar Abdu Mumuni na horar da likitoci tun shekarun 1970, kuma sun san duk abin da aka zayyana a sama. Wahalar ita ce majon CSI na karkara ba shi da hanyar yin wannan gwaji, ba shi kuma da tsararren tafarkin da zai aika jini a dawo masa da sakamako. Ƙwararrun likitocin wannan fanni ƴan ƙalilan ne, mafi yawansu a Yamai. Daga Maraɗi kilomita wajen 660 ne, daga Damagaram kusan 900, mutumin Difa kuwa sai ya haura 1300. Kuɗin kar, masauki, abinci, randebu da ake ɗagawa, analiz da za a maimaita bayan wata biyu: talaka ya lissafa, ya ja mayafi ya koma gida. Mai ɗan hali ya tsallaka Katsina ko Kano. Manya kuwa, kowa ya san ba a layin labo ake ganinsu ba. Jirgi ke kai su Tunis, Kazablanka ko Paris a auna musu abin da ya fi wannan sauƙi.

Abin takaici, ƙasar da ake haƙar uraniyom a Arlit tun 1971, wadda ma'adininta ya daɗe yana haska biranen wasu, ita ce ƴaƴanta ke rasa awon jini. Gaskiya ne akwai cibiyar IRI a jami'ar Yamai, mai sashen likitancin nukiliya da ke auna sinadaran tiroyid da ɗaukar hotonta, kuma ma'aikatanta sun cancanci yabo. Amma me wannan ya tsinana wa matar Gure ko ta Dakoro? Gaskiya ne kuma a 2024 an rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje a asibitocin gwamnati. Madalla. Sai dai rage farashin abin da babu shi a garin mutum bai rage masa ko dala ba. Tun daga taron ƙasa na 1991 gwamnatoci nawa aka yi, na farar hula da na masu kaki? Kowace ta zo da jawabin kusanto da lafiya ga talaka. A Abuja, a 2001, shugabannin Afirka sun yi alƙawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga kiwon lafiya. Mai son sanin inda alƙawarin ya kwana, ya leƙa kantar magani ta CSI mafi kusa da shi.

Ƴan kasuwa ma ba za su sha ba, domin rabin maganar a magazarsu take. Ƙasar Suwis, wadda tsaunukanta suka yi suna da maƙoƙo, ta fara sa iyod a gishiri a 1922, kuma ciwon ya zama tarihi a can. Taron ƙoli kan yara da aka yi a New York a 1990 ya ɗauki alƙawarin kawar da cututtukan rashin iyod kafin 2000. Nijar ma ta kafa dokarta a tsakiyar shekarun 1990, wadda ta wajabta gishiri mai iyod. Doka na nan a takarda. Mafi yawan gishirin da ake ci shigo da shi ake yi, saboda haka bakin iyaka ne wurin tsare shi, kuma awonsa ba ya bukatar injin: ɗigon ruwan gwaji ɗaya ake sa wa gishiri, in ya rine zuwa shuɗi akwai iyod, in ya tsaya fari babu. Ɗan duwan da ke iya gano kwalin taba a ƙarƙashin tan talatin na siminti, yaya ɗigo ɗaya ya gagare shi? Babban ɗan kasuwar da ya zaɓi buhu mai araha don ribar ƴan daloli, ya sani cewa daga tukunyar gidansa abin zai fara. Mai awo a kasuwa da ke shanya gishiri a buɗe, rana ta doke shi, damina ta jiƙa shi, shi ma yana zubar da iyod ɗin da aka biya kuɗinsa. Gishirin Bilma da na Foga kuwa, da ya riƙe iyalai ɗaruruwan shekaru, ba hana shi ne magani ba. Taimaka wa masu haƙarsa su sa masa iyod shi ne aikin hukuma, kuma aiki ne da ba a gama shi da taron bita na kwana uku a otal, da perdiyem.

A nan dole a ja kunnen masu saurin fatawa. Gishiri mai iyod rigakafi ne, ba ya narkar da tsohon maƙoƙon da ya yi shekaru ashirin ya ƙulla ƙullutai. Mai Basedow kuwa, ƙarin iyod na iya rura masa wuta. Saboda haka mai tallar magani a tire, da kemis ɗin da ke rubuta ordonansi da baki, da mai lasifika a mota da ke rantsuwa garinsa na sace kumburi cikin kwana bakwai, duk hatsari ne. Ba a shan maganin tiroyid sai bayan awo. Wadda tiroyid ɗinta ta gaza, ƙwaya ɗaya ce ta levotiroksin kowace safiya, ciki wayam, rabin awa kafin karin kumallo, a sake awo bayan mako shida zuwa takwas har a dace da adadin da ya yi mata; galibi shan na har abada ne, kuma samun ciki dalili ne na komawa ga likita da wuri, ba na dainawa ba. Wadda tata ta yi yawa, karbimazol ne na wata 12 zuwa 18, da sharaɗi guda da kowane majo ya kamata ya nanata: in zazzaɓi da ciwon maƙogwaro suka zo, a dakatar da ƙwayar a je a auna jini a ranar, kada a ce palu ne. Tiyata na da wurinta, amma a hannun gwani, domin jijiyar murya na kwance a bayan tsokar, kuma wanda aka cire wa ita duka ya zama abokin levotiroksin har ƙarshen rayuwa.

Wannan ya kawo maganar da ta fi ciwo. Maganin da ake sha kullum ba ya son yankewa. Waɗanda suka ga Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, sun tuna yadda farashin magani ya tashi dare ɗaya. Waɗanda suka ga takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin Yulin 2023 sun ga yadda kantocin farmasi suka yi ta yin fayau bayan an rufe hanyar Kwatano. An yi ta maganar masu ciwon suga, kuma da gaskiya. Matar da aka cire wa tiroyid, wadda ƙwayar nan ce ke riƙe da ita, ba a ji wanda ya ambace ta ba.

Sannan ga waɗanda ba su da bakin magana. Uwar da ta rasa iyod tana da ciki na iya haifar yaron da fahimtarsa ta tawaya har abada, a sa shi lakwal ya kasa, malam ya yi ta bugu, a ce daƙiƙi ne. Ko inda iyod ya wadata, cikin jarirai dubu uku zuwa huɗu akan samu ɗaya da aka haifa tiroyid ɗinsa ba ta aiki. A Faransa, tun ƙarshen shekarun 1970, kowane jariri ana ɗigar jini daga diddigensa a kwanakin farko, domin in an soma magani cikin makonnin farko yaron zai tashi daidai da kowa. A nan ƙasar, ranar suna ana yanka rago, wanzami ya yi aski, ya cire belu, a raba goro a watse. Jaririn da ke yawan barci, ba ya kuka, ba ya tsotso sosai, shawara ta daɗe a jikinsa, sai kakarsa ta yi ta yabonsa, wai yaro ne mai haƙuri.