DAGA KAN BUZU: Inji Ya Buga, Masu Garanti Sun Ce Babu Ruwansu

Na yi niyya a wannan fitowa in ci gaba da zancen karatun yara da muka faro, sai wani al'amari ya sami wani ƙanenmu wanda na ga bai kamata in bar shi ya kwana ba, domin da wuya ka shiga ɗaki a cikinmu ba ka tarad da mai mota ko mai tarin kuɗin saye ba.

Shi wannan ƙane namu direba ne, mutumin Kumasi, ya kuwa yarda in ba da labarin in sakaya sunansa. Shekara uku ya yi yana tari, kāna ya sayi mota ta hannu a wani shago a Hanyar Salwa. Da aka gama ciniki sai mai shagon ya ce in ya ƙara riyal 1,500 za a ba shi garanti na shekara guda a kan inji da giyabos. Ya biya. Aka miƙo masa takarda shafi huɗu, gefe Larabci gefe Turanci, ya sa hannu, ya ninke ya jefa a aljihun mota bai karanta ba.

Bayan wata biyar, cikin Agusta, yana kan hanyar Al Khor da tsakar rana, sai ya ga allurar zafi ta hau. Kun dai san ranar ƙasar nan, wadda a watan Yuli na 2010 aka auna zafinta a Doha ya kai 50.4. Maimakon ya tsaya nan take, sai ya ce bari ya lallaɓa ya kai gidan mai. Kafin ya kai tururi ya turnuƙe, inji ya yi shiru. Janwe ta kai motar garejin da takardar ta ambata. Bayan kwana bakwai aka buga masa waya aka ce gyara riyal 9,000 ne, kuma kamfani ba zai biya ko dirhami ɗaya ba, wai sakacinsa ne, bai yi juyen baƙin mai a kan kari ba.

Ya zo wurina bayan lisha idanunsa jajawur. Ya ce, "Malam, sun cuce ni. Gobe sai na tara musu jama'a a ƙofar shago." Na ce, "Zauna tukuna, ƙanena. Zagi a ƙasar nan laifi ne da a ke kai mutum gaban 'yan sanda a kansa, ka ga ga asarar mota ga ta aiki. Ina takardar?"

Muka baje ta a kan buzu na bi Larabcin layi layi, gama can ƙasa an rubuta cewa in harsunan biyu sun saɓa, Larabci a ke bi. To, jama'a, ku ji abin da garanti ya ke. Masu shi ba su yi alkawarin mota ba za ta lalace ba. Sun lissafa waɗansu kayayyaki da sunansu, suka ce in ɗayansu ya mutu da kansa za su gyara. Kayan cikin inji suna ciki, famfon ruwa ma yana ciki. Batir, da birki, da bel, da robobi babu su. Sa'an nan suka gindaya sharuɗɗa: a yi juye kowane kilomita 5,000 a ajiye rasit, kada wani makanike ya kwance inji ba da izininsu ba, kuma ɓarnar da ta auku don direba ya ci gaba da tafiya mota tana zafi, wannan a wuyansa ta ke. Da na karanta masa na ƙarshen sai ya sunkuyar da kai.

Mu fa mun taso inda baki ya isa. A Suame Magazin na Kumasi, ko Abossey Okai na Ankara, mai gyara ya san ubanka, ya san masallacinku, in rigima ta tashi dattawa biyu su zauna su kashe ta kafin la'asar. A nan kuwa akawun da ya yi maka dariya ran ciniki shi ma baƙo ne kamarka, watakila baɗi ya koma ƙasarsu, wanda ya gaje shi kuwa ba ya sanin kome sai abin da ke cikin kwamfuta. Rantsuwa ba ta shiga kwamfuta.

Na ce ya kawo rasit na juye. Ya tafi ya kwaso su daga motar, sai ga su fari fat, ɗaya kuma ya yi baƙi ƙirin. Ashe irin takardar nan mai santsi da injin kanti ke fitarwa ba da tawada a ke buga ta ba, da zafi ne, zafi kuma shi ke cinye ta. Motar da ta wuni a ranar Doha kuwa tanderu ce. Duk wanda aka ba shi irin wannan rasit ya ɗauki hotonsa da waya tun a bakin gareji.

Abin da ya cece shi wani ɗan littafi ne. Tsohon almajiri ne, ya saba in ya kashe kuɗi ya rubuta da ajami. Ga ranar kowane juye, ga lissafin kilomita, ga sunan garejin a Sana'iyya har da lambar titi. Kamfani ba za su karɓi ajaminmu ba, ba su ma iya karanta shi, amma da shi muka koma garejin muka faɗa musu ranakun, suka duba kwamfutarsu suka sake buga mana takardun uku, da hatimi da lambar mota. Masu cewa ajami ya tashi aiki, ga amsarku.

Daga nan muka rubuta wa kamfanin wasiƙa gajeruwa da Larabci, babu fushi babu roƙo. Muka ce a ba mu dalilin ƙin biya a rubuce, a kuma nuna sharaɗin da aka dogara da shi. Wannan tambaya tana da nauyi, domin abin da mutum zai faɗa a waya yana wasa da makulli, ba lalle ya yarda ya sa masa hannu da hatimi ba. Muka kuma nemi izini wani makanike na dabam ya zo ya duba injin a inda ya ke, da ido kawai, kuma kada a zubar da kayan da aka cire.

Makaniken ya karɓi riyal 300, ya rubuta shafi guda da hotuna. Ya ce baƙin mai mai tsabta ne, babu daskararren datti a cikin inji, watau maganar rashin juye ta faɗi. Ya ce famfon ruwa ne ya fara mutuwa. Shi wannan famfo shi ke zagaya da ruwa tsakanin inji da lagireto. In ya tsaya ruwa ya tsaya, zafi ya taru, gasket ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe. To, rigimar duka a nan ta ke, wane ne ya riga wani mutuwa. In rashin kula ne ya kashe inji, na direba ne. In famfo ne ya ja sauran, ai famfo yana cikin lissafinsu.

Muka aika musu. Mako biyu shiru. Ran da ya je tuni wani daga cikinsu har ya nuna masa cewa ai wanda ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Haka ne, amma mai rariya bai taɓa karɓar riyal 1,500 a kan alkawarin toshe ta ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda yawancinmu muka karanta a zaure, babin ciniki ya hana ɓoye aibin kaya, ya kuma ba mai saye damar mayarwa in ya tarad da tsohon aibi. Dokar ƙasar nan ma ba ta bar mai saye a banza ba. Akwai Doka mai lamba 8 ta shekarar 2008 ta kare mai saye, wadda ta ɗora wa mai sayarwa cika garantin da ya ɗauka. Ma'aikatar Ciniki da Masana'antu ke riƙe da ita, ana kiransu a lamba 16001, ana kuma shigar da ƙara ta manhajarsu a waya. Can muka kai takardunmu duka.

Aka nemi ɓangarorin biyu. Kafin ranar wani ɗan'uwa ya ba shi shawara ya ce shi bai ga allura ta hau ba sam. Na hana shi, gama ƙarya ce, kuma duk makaniken da ya ga yadda kan injin ya lanƙwashe ya san an yi tafiya da zafi. Ya faɗi gaskiya. Aka daidaita a kan kamfani ya biya famfo da sauran kayan, shi kuma ya biya kuɗin aiki, riyal 2,500. Bai ji daɗi ba, ni kuwa a ganina an yi adalci, domin ɗan lallaɓawar nan zuwa gidan mai shi ya yi ta.

Abu biyu kuma kafin in naɗe buzu. Masu motar da har yanzu garantin wakilin kamfanin da ya ƙera ta bai ƙare ba, ku sani tun 2016 hukuma ta hana wakilai soke garanti don kawai an yi juye a garejin waje, muddin an yi shi yadda ya kamata kuma akwai rasit. Amma takardar da mai shago ya rubuta da kansa sai an karanta ta a ga abin da ta ce. Sa'an nan kada wani ya ce muku mota ta ci Fahes saboda haka injinta lafiya lau. Fahes na sabunta istimara ne, suna duba birki da fitilu da taya da hayaƙi, ba sa shiga cikin inji.

Motar ƙanenmu ta fito bayan mako bakwai, a cikinsu kuwa haya ya yi ta biya. Wanda aka miƙa wa irin wannan takarda ya ce a ba shi kwana ɗaya, ya kawo mini ran Jumma'a bayan la'asar mu karanta tare kafin ya sa hannu. Zancen karatun yara sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Haza wasalam.