Titi Kaɗai Ba Ya Kawo Arziki: Darasi Daga Illela

A watan Oktoban 2024 aka ƙaddamar da aikin babban titin da zai tashi daga Illela, a bakin iyakar Nijeriya da Nijar, ya dangana da Badagiri a gaɓar teku, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Wannan abin farin ciki ne ga garin da kasuwarsa ta dabbobi ke tara fatake daga Birnin Ƙonni da sauran wurare. Sai dai titi hanya ce kawai. Mutane ne ke samar da abin da za a ɗauka a kansa, mutum kuwa sai da lafiya da ilimi.

Alal misali, a dubi zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar cutar takan shiga jajayen ƙwayoyin jini, ta hayayyafa, ta farfasa su, alhali su ne ke kai iskar oksijin ga tsoka da ƙwaƙwalwa. Cutar kuma ta fi tsanani da damina, daidai lokacin da gona ke bukatar mai ita. Manomin da ya kwanta mako biyu, ciyawa ce za ta cinye geronsa. Wani bincike da Gallup da Sachs suka wallafa a 2001 ya nuna cewa tsakanin 1965 da 1990, haɓakar arzikin ƙasashen da cutar ta addaba ta kasa ta sauran da kashi 1.3 cikin ɗari a kowace shekara.

Lafiya kuma ita ke riƙe yaro a aji. A ƙasar Kenya, wani bincike na 2004 ya gano cewa raba wa ɗalibai maganin tsutsar ciki ya rage fashin makaranta da kashi ɗaya cikin huɗu. Yaron Illela da ya iya karatu da lissafi shi ne gobe zai karanta ƙa'idar maganin dabbobi, ya fahimci takardun kwastan, ya canza naira da sefa ba tare da an cuce shi ba.

A 2001, shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika wannan alkawari ba. Gaskiya ne ware kuɗi a takarda ba ya warkar da kowa, sai ya zama magani a asibitin ƙauye da malami a gaban allo. Don haka wajibi ne al'umma su riƙa bin diddigin abin da aka ware musu, kamar yadda suke bin labarin titi. Hausawa dai sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke.