Kafin mu sari salatif, mu fara duba kwalinsa

Jama'a, akwai kayan da ɗan kasuwa ba ya sa su a lissafi sai ranar da suka ba shi kunya, kuma salatif yana cikinsu. Daga Banyo zuwa Mayo Darle, daga Gembu zuwa Tibati, har can Garwa a bakin Binuwai, da wuya ka shiga rumfa ko tasha ba ka ji ƙarar jan salatif ba. Da shi ake rufe katan ɗin sabulu, da shi ake ɗaure bakin jarkar zuma, da shi ake liƙa sunan mai kaya a jikin buhu kafin a miƙa wa direba. A wannan gefen iyaka ana ce masa Scotch, a wancan gefen ana ce masa salatif, amma ciwon kan da yake jawo mana iri ɗaya ne: a sayo katan cike, a buɗe a tarar wasu sun manne da juna, wasu sun karkace, wasu kuma ƙura ta cinye gefensu.

Ra'ayinmu a nan shi ne, mafi yawan wannan asara daga kwalin take farawa. Masu haɗa salatif suna zuba shi a kwalin da aka tsara domin sito mai sanyi da titi mai santsi, mu kuwa muna ɗora shi a bayan acaɓa muna hawa tudun Mambila da shi. Muddin mu masu saye ba mu ɗauki kwali a matsayin wani ɓangare na hajar da muke biyan kuɗinta ba, to za mu ci gaba da biyan kuɗin katan guda muna sayar da abin da bai kai katan ba.

Sunayen nan biyu da muke kiransa da su, asalinsu sunayen kamfani ne. A shekarar 1930 wani ma'aikacin kamfanin 3M na Amurka mai suna Richard Drew ya fito da salatif mai haske da aka sa wa suna Scotch, wanda Faransanci ya ɗauka har ya zama sunan kowane iri. A Ingila kuma aka fito da Sellotape a 1937, kuma daga nan ne kalmar salatif ta shigo bakin Bahaushe. Wato an haifi wannan kaya a ƙasashen sanyi, kuma har yau ƙa'idar ajiyarsa da kamfanoni ke rubutawa ta ƙasashen sanyi ce: wuri mai inuwa, zafi wajen digiri 15 zuwa 25, babu laima mai yawa, kuma a yi amfani da shi cikin shekara ɗaya ko biyu. To, mai shago a Garwa, inda zafin watan Maris da Afrilu ke haura digiri 40 a inuwa, ina zai samo wannan yanayi a ƙarƙashin rufin kwano?

Domin a fahimci abin da zafi ke yi, sai an san cewa gam ɗin salatif ba ya bushewa kamar gam ɗin kafinta. An yi shi ne ya zauna da taushi har abada, domin da wannan taushin yake kama abu idan an danna shi. Abin da ke da taushi kuwa yana malala a hankali, kuma zafi yana ƙara masa gudu. A masana'anta ana naɗe salatif da ƙarfi a kan zoben kwali, saboda haka kowane zagaye yana matse na ƙarƙashinsa. Idan zafi ya shiga, sai gam ɗin ya riƙa tsattsafowa ta gefe. Idan an jera naɗi a kan naɗi babu komai a tsakani, sai su kama juna kamar an dafa su tare, kuma wajen raba su sai gefen ya yage. Gefen da ya yage ko kaɗan, shi ne ke sa salatif ya riƙa tsagewa a hannun mai amfani duk lokacin da ya ja. Wani lokaci kuma tsakiyar naɗin ce ke zamewa ta turo waje kamar bakin mazurari, wanda babu mai saye da zai karɓa.

Laima ita ma tana da nata ta'adin, kuma a nan ne Banyo ta bambanta da Garwa. Garin yana kan tudu mai tsayin sama da mita 1,000, zafinsa bai kai na kwarin Binuwai ba, amma damina tana daɗewa, tun daga wajen Afrilu har Oktoba. Zoben da ke tsakiyar salatif takarda ce, katan ɗin ma takarda ce. Da zarar sun sha laima sai ƙarfinsu ya tafi, katan ɗin ƙasa ya durƙushe saboda nauyin na sama, zoben ya lotsa ya daina zama da'ira, ya ƙi shiga abin yankan da masu ɗaurin kaya ke amfani da shi. Idan damina ta wuce kuma sai hunturu ya kawo ƙura, wadda ke manne wa gefen da gam ya tsattsafo ta mayar da sabon kaya kamar wanda ya shekara a juji. Ke nan kaya ɗaya, a hanya ɗaya, yana iya haɗuwa da zafi da laima da ƙura kafin ya isa hannun mai saye na ƙarshe.

A duba hanyar da yake bi. Wanda ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala yana hawa mota ta Bafusam da Fumban zuwa Banyo, ko ya bi jirgin ƙasa zuwa Ngaundere kafin ya wuce Garwa. Wanda aka saro a Onica ko Kano yana ratsa jihar Taraba ko Adamawa, a sauke shi a wannan tasha, a ɗora a waccan, a ƙarshe babur ya ƙarasa da shi. A kowane zango ɗan dako yana jefa shi, direba yana ɗora buhun siminti ko jarka a kansa, jami'in duwan ko kwastan yana iya yanka katan ɗin domin ya ga abin da ke ciki. Ba laifi ba ne jami'i ya duba kaya, aikinsa ne, amma katan ɗin da aka tsara a buɗe shi sau ɗaya kawai, idan an buɗe shi a hanya ya zama buɗaɗɗe ke nan har ƙarshen tafiya.

To wane irin kwali muke nema? Ba wani abin al'ajabi ba ne, duk abubuwa ne da masana'antu suka sani, suke kuma yi wa abokan cinikin da suka nema.

Na farko, a kwantar da naɗin a kan gefensa, a jera shi kamar hasumiya, a sa takarda mai santsi wadda gam ba ya kamawa tsakanin kowane biyu. Wannan 'yar takarda ita ce mafi arha a cikin katan ɗin, kuma ita ce ta fi kome ceton dukiya. Kamfanonin da ke mutunta hajarsu suna sa ta, masu neman rage kobo suna cire ta.

Na biyu, katan ɗin waje ya zama mai bango biyu, kuma a yanka shi daidai da abin da ke ciki. Idan akwai fili a ciki, kayan za su riƙa karo da juna a kowane rami na hanya. Idan babu fili, hasumiyar salatif ɗin kanta tana taimaka wa kwalin ɗaukar nauyi.

Na uku, kuma wannan ya fi shafar mu 'yan kasuwar iyaka, a raba cikin katan zuwa ƙananan ƙunshi na shida-shida ko dozin-dozin, kowanne a rufe. An saba kawo babban salatif mai faɗin milimita 48 a katan mai ƙwaya 36 ko 72. Ɗan tireda a ƙauye ba ya sayen 72, rabin dozin yake ɗauka. Idan babban katan ne kawai kariya, to ranar da aka sayar da shidan farko, sauran 66 sun shiga hannun ƙura. Idan kuwa kowane shida na da rigarsa, sai jami'i ya buɗe ɗaya ya duba, ɗan sari ya ciri ɗaya ya sayar, sauran suna nan lafiya.

Na huɗu, a rubuta gaskiya a jikin kwalin, da Faransanci da Ingilishi, tun da kayan yana yawo tsakanin ƙasashe biyu: ranar da aka yi shi, tsawonsa, kaurinsa, da irin gam ɗinsa. Irin gam ba ƙaramin zance ba ne. Akwai wanda ake narkawa da zafi a shafa, yana kama kwali da sauri amma shi ne ya fi saurin sakin jiki a rana. Akwai na akirilik, wanda kamunsa na farko bai kai wancan ba, amma ya fi jure zafi da hasken rana da daɗewa a ajiye. Akwai kuma na danƙon roba, mai ƙarfi, mai tsada. Ɗan kasuwar da ya san wannan zai san wanda ya dace ya kai Garwa a bazara, da wanda ya kamata ya sayar da wuri.

Maganar tsawo kuwa ta shafi amana. Wani yana rubuta yadi, wani yana rubuta mita, kuma yadi 100 bai wuce mita 91 da ɗoriya ba. Wani ba ya rubuta kome, sai ya ƙara wa zoben tsakiya kauri domin naɗin ya yi kama da babba a ido. Mai saye ba ya gane an rage masa sai bayan kwana biyu, kuma ba masana'antar zai zaga ba, wanda ya miƙa masa a kasuwa zai zaga. Sunanmu ne ke ɓaci a kan ha'incin da aka ƙulla a wata ƙasa.

Mun san abin da wasu za su ce, cewa salatif kayan arha ne, ƙarin takarda da ƙarin kwali ƙarin kuɗi ne, kuma mai saye a ƙauye farashi yake tambaya. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, musamman ga wanda ke saye da naira yana sayarwa da sefa, inda canji kaɗai ke iya cinye riba. Amma a yi lissafi. Alal misali, idan ƙwaya 6 suka lalace a katan mai 72, kashi ɗaya cikin goma sha biyu na jari ya tafi, kuma a irin wannan kaya mai ƙaramar riba, wannan yana iya zama ribar katan ɗin gaba ɗaya. Takardar da za ta hana hakan ba ta kai kuɗin ƙwaya 6 ba. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Bugu da ƙari, asarar ba ta tsaya a kan salatif ɗin ba. Katan ɗin kaya da aka rufe da salatif mai mataccen gam yana buɗewa a hanya, kuma abin da ke zubewa daga cikinsa ya ninka kuɗin salatif ɗin sau da yawa.

Wasu kuma za su ce ai leda ta wadatar, a naɗe kowane shida da leda a wuce wurin. A nan sai a yi hattara. Gwamnatin Kamaru ta fitar da doka a watan Oktoban 2012, wadda ta fara aiki a Afrilun 2014, da ta hana shigowa da sayar da ledar ƙunshi marar ruɓewa wadda kaurinta bai wuce maikuron 60 ba. Duk da cewa siririyar leda ba ta ɓace daga kasuwanni ba, ɗan kasuwa mai hankali ba zai gina cinikinsa a kan abin da doka ta hana ba. Ƙaramin kwali mai marfi ya fi, domin yana tare hasken rana, ba ya matse naɗin har ya karkace, kuma ana iya rufe shi bayan an buɗe. Ko da ya gama aikinsa, mai shago zai zuba ƙusa ko batir a ciki.

Akwai kuma aikin da ke kan mai shago, wanda babu kwalin da zai yi masa. A ɗaga katan daga ƙasa a ɗora shi a kan katako, a nisanta shi da rufin kwano, kada a tara shi sama da abin da na ƙasa zai iya ɗauka. Wanda ya fara shigowa shi ya kamata ya fara fita. Wanda ake ratayewa a bakin rumfa domin talla ya zama ƙwaya ɗaya ce tak, sauran su zauna a inuwa. Baƙin salatif na masu gyaran lantarki ya fi buƙatar wannan kulawa, domin idan ya yi zafi yana yin yauƙi ya saki waya, kuma wayar da ta tuɓe a cikin kasuwa kowa ya san abin da take haifarwa. Darasin rufe iyakokin Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ma yana nan: kayan da aka saro domin mako biyu yana iya yin watanni a sito, kuma a irin wannan lokaci ne ake gane bambancin kwali mai kyau da marar kyau.

To wa zai sa masana'anta ta saurare mu? Ɗan kasuwa ɗaya da ke sayen katan biyar ba shi da murya, amma ƙungiyar 'yan kasuwa da ke sayen ɗaruruwa tana da ita. Masu shigo da kaya a Duwala da Legas su ne ke rubuta wa masana'anta yadda suke so a ƙunsa musu haja, kuma suna rubuta abin da suka ga masu sari suna nema ne. Idan shugabannin kasuwanninmu na Banyo da Gembu da Garwa suka yi magana da baki ɗaya cewa katan marar takardar tsakani, marar kwanan wata, marar tsawo a rubuce ba za a karɓe shi da farashin mai kyau ba, saƙon zai isa inda ake so. Hukumar ANOR da aka kafa a Kamaru a 2009 domin kula da ingancin kaya, da takwararta SON ta Najeriya, su ma suna da abin yi, ko da kuwa tabbatar da cewa tsawon da aka rubuta shi ne tsawon da ke ciki.

Banyo ba baƙuwa ba ce a wannan ilimi. Tun ƙarni na 19 fataken Hausawa ke bi ta nan da goro, kuma sun san cewa goro ba ya isa Hausa da ransa sai an lulluɓe shi da ganye, an ɗaure huhun da kyau, ana buɗewa a zango ana cire wanda ya ɓaci. Ba su taɓa ɗaukar huhu a matsayin ɓarnar kuɗi ba, domin sun san shi ke kai riba gida. Abin da muke kira gare shi bai wuce wannan ba: kafin a tambayi farashin katan, a sa a buɗe shi, a ɗaga naɗi ɗaya a ga ko ya rabu da ɗan'uwansa cikin sauƙi, a karanta abin da aka rubuta a jiki, sannan a yi ciniki.

Allah Ya sa wa kasuwanninmu albarka, Ya tsare mu daga asara, amin.