An Cire Jaka, Amma Da Sauran Jinya

Kwanakin baya wani mai fataucin albasa da masara tsakanin Garwa da Yola ya same mu a gidan rediyo, ya ce a yi maganarsa amma a sakaya sunansa. Zazzaɓin taifot ne ya huda masa hanji, likitoci suka yi masa tiyata, suka fito da bakin hanjin ta gefen cikinsa, ya yi wata uku yana ba-haya a cikin jaka. Ranar da aka mayar da hanjin aka ɗinke wurin, sadaka aka yi a gidansa. Sai dai kash, ko mako biyu bai yi da sallama ba abokan ciniki suka fara buga masa waya suna tambayar yaushe zai fito, alhali shi kuwa a lokacin yakan zagaya fiye da sau goma a yini, dare ma ba ya samun barci.

Jama'a, irin wannan aiki ba baƙo ba ne a yankinmu. Taifot idan ta daɗe a jiki ba magani, musamman a mako na biyu zuwa na uku, takan ci ƙarshen ƙaramin hanji har ta huda shi. Wasu kuma murɗewar hanji ce, ko haɗarin babur, ko ciwon daji. A Garwa muna da asibitin yanki da babban asibiti, ga kuma tsangayar koyon likitanci ta jami'ar da aka kafa a 2022, saboda haka ana yin aikin a gida. Abin da muke ganin ya yi ƙaranci shi ne bayanin abin da zai biyo baya, da harshen da majiyyaci da matarsa za su gane.

Hanjin da ya yi watanni ba ya aiki ba ya farfaɗowa dare ɗaya. Da farko yakan yi kwanaki kafin ko iska ta fita, daga nan sai gudawa, da matsuwar da ba ta jira a kai makewayi, wani lokaci har ta zubo a wando, ga raɗaɗin fata a dubura. Ga yawancin mutane abin yana raguwa cikin makonni, wasu kuwa sai sun yi watanni. Mutumin namu ya ce da an gaya masa haka tun farko, da bai ɗauka aikin ne ya ɓaci ba, da kuma bai nufi mai tallar magani a tasha ba.

A nan ne muke son mu ja kunne. Maganin tsayar da gudawa da na kashe ciwo da ake saye a tebur ba na mai sabon ɗinki a hanji ba ne, sai wanda likitan da ya yi aikin ya rubuta. Idan kuwa aka ga zazzaɓi, ko ciwon ciki mai tsanani, ko ciki ya kumbura ana amai ba iska ba ba-haya, ko tsohon wurin jakar ya yi ja yana fitar da mugunya, to a koma asibiti a ranar. Ɗinkin hanji yana iya yoyo a ciki, galibi a kwanakin farko, kuma wannan ba ya jiran a dawo daga cin kasuwar Pitowa ta Lahadi.

Abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi a cika ciki: kunu, farar shinkafa, tuwo mai laushi, ayaba. Yaji da wake da kabeji da lemon kwalba a ɗan jinkirta su, a riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya ana lura. Ruwan gishiri da sukari kada ya yanke, domin kowa ya san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu, inda yakan wuce digiri 40, mai gudawa kuwa nan da nan yake bushewa. A wanke da ruwa, a tsane, a shafa mai a wurin saboda raɗaɗi.

Mu 'yan kasuwa ne masu laifi a ɓangare guda. Likitoci suna hana ɗaga kaya mai nauyi na kimanin mako shida zuwa takwas, saboda naman cikin da aka huda yana iya buɗewa ya zama ƙaba, sai an sake yanka. To ina buhun masara, ina jijjigar babur a hanyar Gashiga, ina tsayuwar sa'o'i a wurin 'yan duwan inda babu makewayi? Amma mutum yana ganin kuɗin jinya ya cinye jari, masu bin bashi suna sallama, kunya kuma ta hana shi faɗin abin da ke damunsa. Ƙungiyoyin kasuwa da suke tara gudummawar biki da suna za su iya ba shi kwasar adashi da wuri, a ɗaga masa bashi wata biyu, a sa yaro ya tsare masa rumfa.

Ya kuma gaya mana ya daina zuwa masallaci don tsoron tsarkinsa. Malamanmu na Malikiyya suna da hukuncin mai salasi, wato wanda abu ke fita masa ba da ikonsa ba, kuma akwai sauƙi a ciki, haka ma azumi ga marar lafiya. Mun haɗa shi da limamin unguwarsu. Yanzu yana mako na bakwai, zagayen ya koma sau huɗu a yini, ƙaninsa ne ke raka kaya Yola, shi kuma yana karɓar lissafi ta waya.