Meta, Ƙofar da Kuka Buɗe wa Turai Fa?

A Damagaram, mai layin Airtel a Zango yana kiran mai layin Moov a Birni, kira ya shiga, ba wanda ya ce masa sai ya sayi irin layin abokinsa. Doka ce ta tilasta wa kamfanoni haɗa layukansu, hukumar ARCEP na sa ido. To don me mai WhatsApp ba zai iya aika wa mai Telegram ko da sallama ba?

Kada kamfanin Meta mai WhatsApp ya ce mana abin ya gagara. Akwai ƙa'idar aika saƙo da ba mallakin kowa ba, sunanta XMPP, kuma daga ita WhatsApp ya samo asali kafin a sake mata fasali a garƙame. Facebook ya bar manhajojin wasu su shiga hirarsa ta wannan hanya daga 2010. Da jama'a suka cika masa gida, sai ya toshe ta a 2015. Twitter ma haka ya yi wa masu manhajoji a 2023. An ci moriyar ganga, an yada kwaurenta.

Ka tsaya rumfar mai gyaran waya a kasuwar Dole ka ga abin da wannan rowa ke haifarwa. Yaro zai tura wa ɗan kasuwa GBWhatsApp daga waya zuwa waya, don ɗan kasuwar yana son abin da WhatsApp na ainihi ya hana shi. Wata safiya sai ya tarar an dakatar da lambarsa, alhali abokan cinikinsa na Kano da Agadas da Maraɗi duk ta nan suke nemansa, saƙon muryar ɗansa da ke Libiya ma ta nan yake zuwa. GB abin tsoro ne, ba mu san inda yake kai sirrin mutane ba. Amma wa ya kora su can? Sai a watan Oktoba na 2023 WhatsApp ya yarda mutum ya riƙe lamba biyu a manhaja guda, abin da duk mai layi biyu a Damagaram ya daɗe yana nema. Da an bar ƙofar halal, da ɗaliban Jami'ar André Salifou sun iya ƙera tasu manhajar, mai cin mega kaɗan, wadda wanda bai yi boko ba zai sarrafa da murya.

Abin da ya fi ciwo, daga watan Maris na 2024 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa WhatsApp karɓar saƙo daga manhajojin wasu, Meta kuma ya bi. Ga Turawa kaɗai. Meta, ashe makullin na aljihunku, raina mu kuka yi.

Hukumominmu, ku ma shirunku ya isa. A watan Nuwamba na 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso sun sa hannu kan soke kuɗin da ake ƙara wa matafiyi in ya yi kira a tsakaninsu. Ku sake zama a teburin nan, ku gayyato Najeriya mai yawan jama'a, ku rubuta wa Meta sharaɗin da Turai ta rubuta masa.