Wasiƙa Zuwa ga Masu Ɗaukar Hoto Don Sha'awa a Birnin Yerwa

Zuwa ga 'yan'uwana da ƙannena, maza da mata, mazauna Maiduguri da kewayenta, waɗanda Allah Ya sanya wa sha'awar ɗaukar hoto ba don su ci abinci da shi ba, sai don ƙaunar abin da ido ya gani.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, na lura cewa a zamanin nan babu wani taro da za a yi a garin nan, ko suna, ko ɗaurin aure, ko saukar Alƙur'ani, ko hawan Salla a ƙofar fadar Shehu, face ka ga hannuwa sun tashi sama riƙe da wayoyi, babba da yaro kowa yana ɗauka. Amma duk da wannan yalwa da kakanninmu ba su taɓa mafarkinta ba, in ka roƙi mutum ya nuna maka hoton kakarsa na Sallar da aka yi shekara biyar baya, sai ya ce maka wayar ta faɗa ruwa, ko an sace ta, ko ya goge don ya sami wurin sababbi. Wannan al'amari yana damuna ƙwarai, domin garin da ya ga wuta ta cinye babbar kasuwarsa ta Monday Market a watan Fabrairun 2023, sa'an nan a daren 10 ga Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Gwange da Shehuri da Gamboru, har fadar Shehu bai bari ba, ya tafi da akwatunan tufafi da takardu da kundin hotunan iyaye, irin wannan gari ya san cewa abin da ke tsaye yau ana iya wayar gari babu shi, kuma hoton da yaro ya ɗauka da wasa yana iya zama shi kaɗai ne shaidar da ta rage.

To, in hoto shaida ne, lalle mai ɗaukarsa ya shiga sahun masu ba da shaida, kuma malaman hadisi sun daɗe da shimfiɗa sharuɗɗan wanda za a karɓi ruwayarsa: ya zama adali, ya zama mai kiyaye abin da ya ɗauko, kuma a san daga inda ya ɗauko shi. Duk shawarar da zan ba ku a ƙasa daga waɗannan sharuɗɗa ta tsiro. Na san malamanmu sun yi saɓani a kan hukuncin hoto tun farkon shigowarsa ƙasashen Musulmi, wasu suka haɗa shi da surar da aka hana, wasu kuwa, irin su Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, Muftin Masar wanda ya rasu a 1935, suka tafi a kan cewa tsare inuwar abin da Allah Ya riga Ya halitta ne kawai. Wannan fage na masu fatawa ne, kowa ya koma ga malaminsa. Sai dai ko waɗanda suka halatta, babu ɗaya daga cikinsu da ya halatta a yi amfani da shi wajen cutarwa, ko tona asiri, ko ƙarya.

Bari in fara da dabbobi, domin su ne ba su da bakin kai ƙara. Gidan namun daji na Sanda Kyarimi, wanda aka sa wa sunan Shehu Umar Sanda Kyarimi da ya hau gadon Barno a 1937, shi ne wurin da yawancinmu muka fara ganin zaki da kura da jimina ido da ido, galibi ranar yawon Salla, cikin sababbin tufafi. Hukumar wurin ta ce ambaliyar 2024 ta hallaka fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobinsa, ruwa kuma ya kwashi kadoji da macizai ya shiga da su unguwanni. Saboda haka duk wanda ya taɓa tsayawa a can ya ɗauki hoto na hankali, to ya sani yana riƙe da abin da ba za a sake ɗauka ba. Amma sau nawa muka ga saurayi yana bugun keji da sanda, ko yana jifan dabba da tsakuwa, don ta tashi ta yi gurnani ya sami abin nuna wa abokai? Ya zo a hadisi ingantacce cewa an azabta wata mata saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha har ta mutu, kuma Alƙur'ani ya sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamarmu. Wanda ya san wannan, yaya zai tsokani halittar da take a kulle don neman hoto? Ga shi kuma ko ta fuskar sana'a wauta ce, domin dabbar da aka firgita ba ta ba da hoto mai kyau. Ku je da sassafe kafin rana ta yi zafi su lafe a inuwa, ku durƙusa har idon kyamara ya yi daidai da idon dabbar, ku yi shiru, ku jira, in ya ɗauki rabin sa'a ma ku jira, har ta manta da ku ta koma harkarta.

Kada kuma ku zaci cewa sai a keji ake samun dabbar da ta cancanci hoto. Ga ragon layya da yara suke wankewa a ƙofar gida ranar jajibiri, ga raƙuma da bajimai a Kasuwar Shanu, ga shanun Kuri na bakin Tafkin Chadi masu kumburarrun ƙahoni waɗanda ba kowace ƙasa ke da irinsu ba, ga shamuwa da take sauka a kan itatuwa tana yi wa manoma bushara da damina. Wanda Allah Ya hore wa tafiya, ga Dagona a ƙasar Bade, inda tsuntsaye suke tahowa tun daga Turai su yi hunturu a fadama. Giwaye kuwa, waɗanda sukan ƙetaro daga Kamaru su shiga gonakin Kala-Balge, in Allah Ya haɗa ku da su, ku tsaya nesa, musamman in akwai 'ya'ya a garken, domin giwa ta fi mutum gudu. Kuma adalci shi ne in kun ɗauki giwar ku ɗauki gonar da ta tattake da fuskar mai gonar, don wanda zai gani daga nesa kada ya ga rabin labari.

Sai doki, wanda yake tsakanin babin dabbobi da babin buki. Matasanku ba za su tuna ba, amma an yi shekaru a garin nan ba a yi hawan Salla ba saboda rashin tsaro, har a 2015 sojoji suka hana hawan doki a jihar baki ɗaya. Don haka duk ranar da kuka ga mahaya sun taso daga filin Idi cikin alkyabba da rawani, dawaki sun sha ado, algaita da ganga suna tashi, ku san ni'ima ce da aka taɓa rasawa. Kada ku kunna walƙiyar kyamara a fuskar doki, kada ku shiga gaban masu sukuwa, domin ran mahayi da naku duka amana ne. Ku zaɓi wuri tun da wuri inda rana za ta kasance a bayanku ko a gefenku. Akwai kuma wata matsala da ta addabi hotunan Sallarmu, wato farar babbar riga a kan baƙin mutum cikin tsakar rana: waya takan auna hasken rigar, sai fuska ta fito duhu ba a gane mai ita. Maganinta shi ne ka taɓa fuskar a kan gilashin wayar kafin ka ɗauka don ta auna haske daga nan, ko ka ja mutumin zuwa inuwar darbejiya, wadda Allah Ya wadata titunan Maiduguri da ita. Hantsi da bayan la'asar su ne lokutan da haske yake da taushi. A lokacin hazo ku riƙa goge idon kyamara da ƙyalle mai laushi, kuma maimakon ku jawo abu daga nesa da yatsu, wanda ke ɓata hoto, ku taka da ƙafa ku matsa in matsawar ba ta da hatsari. Bayan haka, in kun gama da hakimai da masu sarauta, waɗanda ba za su rasa masu ɗaukarsu ba, ku juya ga yaron da ke riƙe da linzami, da kumatun mai busa algaita, da tsohuwar da ta fito ƙofar gida tana guɗa.

A cikin gida ne amanar ta fi nauyi. An gayyace ka wushe-wushe ko kaulu ko daren lalle saboda kai ɗan gida ne, mata sun saki jiki, sun sassauta lafaya, suna raha a tsakaninsu domin sun amince da kai. To da wane hakki za ka wayi gari ka ɗora su a Facebook ko TikTok, inda wanda bai taɓa taka zauren gidan ba zai zauna yana ƙare musu kallo? Shari'a ta umarce mu da neman izini kafin shiga gidan da ba namu ba, ta kuma hana mu bin diddigin sirrin juna, kuma a ganina izinin ɗauka daban yake da izinin yaɗawa, kowanne sai an nema. Na ga zumuncin da ya tsinke a kan hoto guda, na ga amaryar da ta shiga ɗakinta da kuka saboda abin da ƙawa ta watsa. In wata ta ce a goge nata, a goge a gabanta ba tare da gardama ba. Wani abin da nake roƙonku da babbar murya shi ne ku bar wannan ɗabi'a ta tace hoto har baƙa ta koma fara, a share tsagar fuskar kaka, a shafe tamojin da shekaru suka rubuta a goshin dattijo. Wannan shaidar zur ce a kan halittar Allah, kuma jikan da zai zo neman kamannin kakarsa zai tarar da wata baƙuwa.

Haka nan almajiri da ɗan gudun hijira da maraya: talaucin mutum ba ya sauke masa mutunci. Duniya ta ga hotunan kukanmu har ta ƙoshi, waɗanda baƙi suka zo suka ɗauka suka tafi. Abin da ya sa aikin Fati Abubakar ya yi tasiri, wadda ta fara nuna hotunanta da sunan Bits of Borno a 2015, shi ne ta nuna 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu buki suna ci gaba da rayuwa a daidai lokacin da ake zaton babu kowa a nan sai gawa. Wannan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma ku da kuke cikin gidajen kun fi kowa damar yinsa.

Game da tafiya ba zan tsawaita ba. Kowa ya san hanyar Damaturu, ya san shingayen da ke Auno da Jakana da Benisheikh. Kada waya ta fito daga aljihu a wurin jami'an tsaro, kada a ɗauki bariki ko ayarin soja, kuma kada ka sanar da duniya inda kake sai ka sauka lafiya. Amma in ka isa, ka buɗe ido. Yawancin abin da ake gani a littattafai na kamannin Kukawa da mayaƙan Shehu Laminu masu sulke, daga zanen Turawa ne irin su Denham da ya zo a 1823 da Barth da ya zo a 1851, kuma sun zana abin da ya ba su mamaki ne, suka bar abin da mutanen gari suka ɗauka da muhimmanci. Kai da za ka je Dikwa ko Biu ko Kano gaishe da dangi, ka ɗauki tasha, da mai shayi, da rumbu, da zauren da aka sauke ka, da kabarin kakanni in masu shi sun yarda.

Saura sharaɗi na ƙarshe, wanda aka fi sakaci da shi, wato isnadi da kiyayewa. Hoton da ba a san wane ne a ciki ba, ba a san inda aka ɗauka ko yaushe ba, ruwaya ce yankakkiya, bayan shekara talatin ba mai iya kafa hujja da ita. Saboda haka bayan kowace Salla ku zauna ku zaɓi goma ko ashirin mafi kyau, ku kai a wanke muku su a takarda, ku rubuta a baya da fensir sunayen mutanen da sunayen iyayensu, da unguwa, da shekara ta Hijira da ta Miladiyya. Ku sani WhatsApp yana matse hoto ya rage masa inganci, don haka wanda kuke son ya daɗe ku aika shi a matsayin fayil, ku kuma ajiye asalinsa a ma'ajiyar intanet. Na takarda kuwa a wanke biyu biyu, ɗaya ya zauna a leda a saman sif nesa da ƙasa, ɗayan a aika wa ɗan'uwa a wani gari, domin ruwan da ya ci Gwange bai je Potiskum ba. Tsofaffin hotunan studiyo na iyayenmu da suka tsira, har waɗanda ruwa ya taɓa, ku shimfiɗa su a inuwa mai haske ku sake ɗaukarsu da waya, sa'an nan ku kai wa mafi tsufa a gidanku, ku zauna a gabansa da takarda da alƙalami, ku tambaye shi sunan kowane mutum ɗaya bayan ɗaya, har wanda ke tsaye a can gefe rabin fuskarsa kaɗai ta fito.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Naku, ɗan'uwanku a wannan sha'awa, daga Yerwa.